Sallamar da Roket Bai Ji Ba

Wanda ya yi alkawarin tarbata a filin jirgin Greensboro, a Amurka, bai zo ba. Ɗanjuma sunansa, ɗan unguwarmu ne a Malumfashi, kuma shi ya yi ta hura mini kunne a waya: in dai takarduna sun fito in taho kawai, ɗaki na nan, aiki na nan, har da wata mota da ba ya hawa. Na zauna a kan akwatina, rungume da dardumar da Inna ta naɗe mini a leda, duk baƙin mutumin da ya shigo sai in miƙe. Da na gaji da miƙewa, wani direban tasi Basudane ya matso ya yi mini sallama, ya karɓi adireshin, ya kai ni har ƙofa, ya kuma ƙi karɓar komai.

Ɗakin da aka yi mini alkawari ashe doguwar kujera ce a falo, ita ma ta karɓa-karɓa da wani ɗan Gana mai aikin dare, in na tashi ya kwanta. Aikin kuwa wanke motocin da Ɗanjuma ke turawa gida ne. Motar da ba ya hawa na gan ta da idona, a kan bulo take. Ban yi fushi sosai ba, don ni mutum ne mai saurin ba kansa haƙuri. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ranar da na dawo na tarar ya kwashe kayansa ya koma Atlanta, ko sai wata rana babu, mai gidan kuma ya ce mu ma kowa ya san inda dare ya yi masa.

Wadda ta tsamo ni ita ce Hajiya Rabi, mutuniyar Maraɗi mai shagon kitso a titin Wendover. Duk Bahaushen da ya sauka garin nan da yunwa ya san tuwonta na ranar Juma'a. Ita ta haɗa ni da wanda ya sama mini aikin ɗaukar kwalaye a wani katafaren sito, ita ce kuma ta ji labarin wani tsohon Bature a unguwar Glenwood da ke neman wanda zai zauna tare da shi.

"Sai dai hwa akwai kare, Lawali," in ji ta, tana yamutsa fuska. "Bon, to, ka lallaɓa kahin ka samu wani wuri. Kada dai ka bari shi taɓa ka."

Mista Wolta tsohon ma'aikacin masaƙa ne, gwiwoyinsa sun gama aiki tun kafin shi ya gama. Gidansa ɗan ƙarami ne na katako, da baranda a gaba inda yake wuni a kujera yana kallon ɗaliban jami'a na wucewa a kan kekuna. Matarsa ta daɗe da mutuwa. Ɗansa guda ɗaya haɗarin mota ya ɗauke shi, ya bar masa kare. Sharaɗin zamana a gidan shi ne in riƙa fita da karen nan safe da yamma.

Sunansa Roket. Irin karnukan ƙasar ƙanƙara ne da ake kira haski, waɗanda aka saba ɗaura wa kaya su yi ta ja ba gajiya. Babba ne cikakke, gashinsa toka-toka da fari, idanunsa shuɗaye. Ranar da ya fara kafa mini su sai da na karanta duk abin da ya zo bakina. Ba ya haushi kamar karnukanmu. Wani irin kuka yake mai kama da gardama, ka faɗa ya faɗa, kuma shi ke yin ta ƙarshe. Ni kuwa na tashi a unguwar da in an hango kare, dutse ake nema.

Ranar farko da na riƙe igiyarsa, ban san wa ke fita da wa ba. Ya fizge ni daga baranda, muka keta titi, takalmina ɗaya ya zauna a ƙofar wani gida, ɗalibai na tafa mini kamar ina gasa. Na dawo ina haki, shi kuwa ko a jikinsa. Mista Wolta ya yi dariya har da share hawaye. Ya ce, "Ba yawo yake so ba, Lawal. Gudu yake so. In ba ka ba shi ba, zai fanshe a kan kujerun gidan nan." Haka na zama mai gudu da girmana, ni da rabona da gudu tun firamare.

Gudun bai dame ni ba kamar yawu. Roket gaisuwarsa da harshe ce. Zan yi alwala in fito, sai kawai in ji ƙafafunsa a ƙirjina, harshe a wuyana. Wani malami a masallaci ya ce mini lasar kare ba ta karya alwala, in daina wahalar da kaina. Kunnena ya ji, jikina bai ji ba. Yadda aka rene ni shi ne a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Sai ga ni cikin tsananin sanyi a filin da ke bayan gidan, ina ƙwaƙular daskararriyar ƙasa da cokali, ina goga wa wuyana.

Wata safiya na juyo na ga tsohon a taga yana kallona.

"Me karen nan ya yi maka da kake wanka da ƙasa?" ya tambaye ni da na shigo.

Na ji kunya, amma na yi masa bayani iya Turancina. Na zaci zai ji haushi, ya ce ina ƙyamar abin da ɗansa ya bari. Sai ya murza gwiwa, ya ce, "Nuna mini yadda kake yi, daga farko har ƙarshe."

Na naɗe hannun riga, na buɗe famfo, na yi alwala. Na shimfiɗa dardumar Inna na yi raka'a biyu, na yi sallama.

"Wannan maganar ta ƙarshe, da ka juya kai, ita ce ƙarewa?"

"Ita ce, Baba."

"To ka riƙa ɗaga murya in za ka faɗe ta. Sauran ka bar mini."

Tsohon nan ya kwashe lokacin sanyin gaba ɗaya a kan wannan aiki. Zai ja kujerarsa ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, aljihunsa cike da gutsattsarin cuku. Da na naɗe hannun riga na buɗe famfo, sai ya nuna wa Roket ƙasa. In ya motsa, a sake daga farko. Akwai ranar da na yi ta alwala har fatar yatsuna ta yamutse, ba don salla ba, don darasi. Kafin itatuwa su sake yin ganye, Roket ya haddace. Da ya ji famfo ya ga hannun riga a naɗe, zai je ya kwanta nesa da darduma, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Ko na fita ɗakin neman hula, ko na leƙa waje, ba ya tashi. Sai ya ji "Assalamu alaikum" da ƙarfi, sannan ya taso a guje ya bangaje mini kafaɗar dama. Na ware wata tsohuwar riga da nake zurawa saboda wannan bangaza, Mista Wolta ya raɗa mata suna rigar Roket.

Zan faɗa ba kunya: tun da na baro gida babu wanda ya girmama sallata kamar wannan tsoho da ko coci ba ya zuwa, shi da karensa. A sito kuwa a lungu nake yin ta, tsakanin kwalaye, ina sauri kada a neme ni a rasa.

Na baro matata Zulai da jaririya a hannu, Ummi. Yarinyar ta yi wayo tana ganin ubanta a cikin waya, har takan juya wayar ta duba bayanta ko ina ɓoye a can. Kewa ta yi mini yawa, sai na koma yi wa Roket Hausa. In mun fita gudu da sassafe nakan ba shi labarin kasuwar garinmu, da rigimar gadonmu, da yadda Zulai ke dariya tana rufe baki. Daga Asabar zuwa Alhamis, in ba a waya ba, shi kaɗai nake yi wa Hausa, kuma bai taɓa rasa abin da zai mayar mini ba.

Ina gidan aka bugo mini waya cewa Inna ta rasu. Kafin in gama fahimtar maganar, an riga an kai ta. Ba halin tafiya, takarduna ba su ba ni damar fita in dawo ba. Na yi alwala, na hau dardumarta, na yi sallar da ban san me na karanta a ciki ba. Da na yi sallama na ƙanƙame jiki ina jiran bangaza, sai na ga Roket ya taso a hankali, ya zo ya ɗora kansa a cinyata. Na riƙe wuyansa na yi kukan da ban yi a waya ba. Ranar ban nemi ƙasa ba.

Bayan wannan da ɗan lokaci Mista Wolta ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. A asibiti bakinsa ya karkace, magana sai da ƙyar. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya.

"Kada ka kai shi gidan karnuka," ya ce.

Gidan karnuka shi ne inda ake tara dabbobin da ba su da masu su. Wanda ya yi sa'a wani ya zo ya ɗauke shi. Wanda ya daɗe ba a so ba, wani lokacin allura ce ƙarshensa.

"Ba zan kai shi ba, Baba."

"Na san ba za ka iya riƙe shi har abada ba. Iyalinka na zuwa. Ka samo masa mutane. Masu gudu."

Na ce na ɗauki amana. Bai sake wata doguwar magana ba har ya cika. 'Yar ƙanwarsa ta zo daga wani gari, ta yi mini godiya da ladabi, ta sa gidan a kasuwa. Da na tambaye ta kare fa, sai ta ce ai ta ɗauka nawa ne.

Na kama ɗan ƙaramin gida a bene, kusa da Wendover, inda ba fili sai wurin ajiye motoci. Nan Roket ya nuna mini halinsa na asali. In na tafi aiki zai yi ta kuka har maƙwabta su kai ƙara. Ya cinye hannun kujera, ya yage labule, ya koyi buɗe firiji. Ina dawowa a gajiye, ƙafafuna na zogi, dole in sa takalmi mu fita, don in ban ba shi gudunsa ba ƙofa ce za ta biya. Mutanenmu kuwa suka sa mini Lawal Mai Kare. A masallaci wani yakan ɗan janye rigarsa in na tsaya kusa da shi a sahu. Ban ga laifinsa ba, da ni ne a da, da na fi haka. Hajiya Rabi takan aiko mini da tuwo, amma in ita ta kawo da kanta, daga ƙasan bene take kirana.

"Lawali, sauko ka amshi abincinka. Ni ba ni shiga gidan da mala'iku ba su shiga. Mi kake yi da wanga abu har yanzu? Mai shi ya mutu, Allah shi kyauta namu ƙarshe, kai kuma ka gaje shi kamar gona?"

"Amana ce, Hajiya."

"Amana!" Ta yi tsaki, ta miƙo mini kwanon. Da na buɗe a sama sai na ga wata 'yar leda a gefe, cike da ƙasusuwa.

Ana cikin haka bizar su Zulai ta fito. Na yi sujada, na kira ta muna ta murna, Ummi na tsalle a bayanta. Sai Roket ya ga ana hira ba da shi ba, ya ɗaga kai ya ja kukansa mai tsawo. Fara'ar Zulai ta gushe.

"Baban Ummi, wai karen tsohon nan yana wurinka har yanzu?"

Na ce yana nan, ina nema masa gida.

"Ni ban ce ka jefar da shi a titi ba," ta ce, muryarta a sanyaye. "Amma ka san ƙirjin yarinyar nan. Kyanwar maƙwabta ma in ta shigo, a asibiti muke ƙarewa, numfashi na gagararta. Shekarun nan da na yi ina jira, ban yi su don in zo in tarar da abin da zai kwantar mini da 'ya ba. Ka yi wa Allah, kafin mu sauka."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi.

Na sa hotonsa a intanet, na rubuta halinsa ban rage komai ba. Masu kira suka yi yawa, don idanun nan nasa na jan mutane. Wani ɗalibi ne a ɗaki ɗaya. Wani tambayarsa ta farko ita ce ko za a iya samun 'ya'ya da shi a sayar. Daga ƙarshe na yarda da wasu mata da miji a Irving Park, unguwar masu hannu da shuni, inda gida ɗaya ya kai makarantar firamarenmu girma, ciyawa kuma a aske kamar kan ango. Matar ta yi ta ɗaukar idanunsa a hoto. Na ce musu, "Kullum sai ya yi gudu har ya gaji. Ba yawo ba, gudu." Suka yi murmushin wanda ba ya sauraro, suka nuna mini faɗin filin da ke bayan gidansu.

Ba a rufa mako ba mijin ya kira ni ina wurin aiki. Roket ya haƙa rami ƙarƙashin shinge ya fice. Na bar kwalaye na shiga 'yar tsohuwar motar da na saya, na zaga unguwarsu lungu-lungu, ina leƙa gefen titi da addu'ar kada in ga abin da nake tsoro. Can zuciyata ta ce in je Glenwood. Gidan Mista Wolta an sake masa fenti, wasu baƙin labule a taga. Roket na kwance a baranda, daidai inda kujerar tsohon take a da, tafin ƙafarsa na jini. Da ya gan ni bai yi tsalle ba, wutsiya kawai ya buga a katako. Mutanen Irving Park suka ce, cikin ladabi mai yawa, sun yi tunani, karen ya fi ƙarfinsu.

Ranar zuwan su Zulai na matsowa, ni kuwa ba gida. Wata rana na sa shi a mota na tuƙa har ƙofar gidan karnuka. Na bar shi a ciki na shiga ni kaɗai, wai tambaya kawai zan yi. Matar da na tarar mai kirki ce, ba ta ɓoye mini ba: za su yi iya ƙoƙarinsu, amma babban kare mai tsallake shinge ba kowa ke ɗauka ba. Ta bayan bango ina jin haushin karnuka ba iyaka. Na fito na zauna a mota, Roket ya zuro kai ta tsakanin kujeru yana yi mini gardamarsa. Na tuna hannun tsohon nan a kan nawa. Na tada mota muka koma gida, ban san abin da zan yi ba.

A Juma'ar makon, ina ta juya tuwo a kwano ban ci ba, Hajiya Rabi ta zauna kusa da ni.

"Akwai wata da nike ma kitso, Madam Diniz. Baƙar Ba'amurkiya ce, nas. Kullum sai ta ɓata mini kitso da zuhwa, wai gudu take da sahe kamar wadda aka biyo. Karensu ya mutu bara, har kuka ta yi mini a shago, ka ji hwa, kuka a kan kare. Na ba ta lambarka." Ta kau da kai. "Ba don shi na yi ba. Don ɗiyarka na yi. Ci abincinka."

Gidan Madam Diniz na bayan gari ne, ta arewa, da fili babba da shinge mai tsawo. Mijinta, Mista Kalbin, mutum ne mai ƙarancin magana. Ita ba ta ce komai game da idanun Roket ba. Tambayoyinta su ne me yake ci, me yake tsoro, wace ƙafa ce ta ji ciwo. Ta ɗaura igiyarsa a ƙugunta suka fita, suka dawo tana haki tana dariya, shi kuma harshe a waje, karo na farko da na ga wani ya gajiyar da shi ban da ni. Na kai shi ziyara sau da yawa don su saba. A raina na ce, Baba, ga masu gudunka.

Ranar rabuwa na kai kwanonsa, da burushin gashinsa, da rigar Roket. Na shafa kansa na juya da sauri, don ban yarda da fuskata ba. Mista Kalbin na riƙe da igiya. Na hau babban titi ke nan sai na duba madubi, na hango shi. Ya fizge igiyar, ya haure shingen da muka ce ba zai iya ba, yana tafe a tsakiyar kwalta da iya ƙarfinsa. Wata babbar mota ta taka birki har tayoyinta na hayaƙi. Na tsaya a gefen titi, na fito, ya faɗo jikina yana kuka kamar yana tuhumata.

Na bar motar a nan, muka taka da ƙafa muka koma. Madam Diniz na tsaye a ƙofa, hannunta a kan ƙirji.

"Mista Lawal, in ya ga tafiyarka zai bi ka, yau ko gobe," ta ce. "In mun kulle shi a ɗaki zai fasa taga. Ina son karen nan, amma ba na so in tsince shi a kan titi."

Na dubi Roket. Matuƙar yana nemana, titi ne zai kashe shi. Sai in ya zauna yana jirana ne zai rayu har ya saba da su. Abu ɗaya kuwa na sani a duniya da ke sa Roket jira. Na ɗaga kai na ga rana ta karkata, la'asar ta yi.

Na koma mota na ɗauko dardumar Inna, wadda ba na rabuwa da ita, Roket na manne da ƙafata. Na ce su nuna mini famfo. Akwai ɗaya a jikin bango, na ban ruwan fulawa. Na naɗe hannun riga na buɗe shi. Roket ya dube ni yana haki, ya dubi ruwan, ya juya ya je gindin matakalar baranda ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa.

Na shimfiɗa dardumar a kan ciyawa na ta da salla. Ban taɓa yin sallar da na so ta ƙi ƙarewa kamar wannan ba. Da na zauna tahiyar ƙarshe ina jin idanunsa a kafaɗata ta dama, na san wutsiyarsa ta fara motsi, don ya san an kusa. Na daɗe a zaune. Sannan na yi sallama a kan harshena kawai, yadda ko ni da ƙyar na ji.

Na miƙe kamar mai zuwa ɗauko hula. Ban naɗe dardumar ba, don in na naɗe zai gane. Na ɗauki takalmana a hannu na bi ta gefen gida. A bakin ƙofa na raɗa wa Madam Diniz kalmomin, ta maimaita har suka zauna a bakinta. Na ce in na yi nisa ta faɗa masa da ƙarfi, zai tashi. Na waiwaya sau ɗaya. Yana nan kwance, idanunsa a kan darduma, yana jira in dawo in idar.

Washegari ta kira ni. Ta ce ta faɗa, ta sake faɗa, Mista Kalbin ma ya gwada da tasa muryar. Kunne kawai ya motsa. Har rana ta faɗi yana wurin, abinci ma a nan suka kai masa bai kalla ba. Ƙishirwa ce ta tashe shi daga baya, ya sha ruwa ya koma ya kwanta. Ta tambaye ni ko ta aiko mini da dardumar. Na ce ta bar masa.

Yanzu ya saba. Suna gudu kowace safiya, ya yi ƙiba, bai sake haura shinge ba. Dardumar na shimfiɗe a barandarsu, ta ce da yamma yakan je ya kwanta a gefenta, amma ko da wasa bai taɓa ɗora ƙafa a kai ba. Ta sha gayyatata in zo in gan shi. Ban je ba, kuma ba zan je ba, don in ya ji muryata komai zai dawo sabo.

Su Zulai sun sauka lafiya. Na riga jirginsu isa filin da nisa, don na rantse ba wanda zai zauna a kan akwati yana jirana. Ummi ta ɓuya a bayan uwarta tana leƙena, sai da na yi magana ta gane ni ne na cikin waya. Na sa an wanke gidan tas, an canja kujera da labule, ƙirjinta lafiya lau har yau, alhamdu lillahi. Zulai ta zo mini da sabuwar darduma mai laushi. Ni nake ja musu salla in ina gida, ita da Ummi a bayana.

Rannan bayan mun idar da la'asar, na juyo na ga har yanzu suna zaune a tahiya. Sai da suka ga na juyo sannan suka yi sallama. Zulai ta gyara mayafinta ta dube ni.

"Baban Ummi, wai me ya samu muryarka ne? Karatu muna ji, kabbara muna ji, amma in ka zo sallama sai ka haɗiye ta. Ka riƙa ɗagawa mana, mu san an idar."

Na ce mata to. Har yau ban iya ba.